Ɗan da Gida Ya Iya Bayarwa

Hedimasta bai taɓa hukunta yaron da bai yi laifi ba. Shekara talatin da huɗu yana riƙe da makarantar firamare, dubban yara sun bi ta ƙarƙashin bulalarsa, kuma ko ɗaya a cikinsu bai sha ta a banza ba. Bai kuma taɓa yin ƙarya ba, ko da wasa. Mai shakka yana iya zuwa falonsa ya ji daga bakinsa, domin yakan faɗi haka sau biyu ko uku a mako, yana zaune ƙarƙashin hoton ranar ritayarsa.

'Ya'yansa maza biyu ne, kuma da sana'arsu yake kiransu, wai don kowa ya san inda ƙoƙarinsa ya kai shi. Ƙaramin shi ne Injiniya. Shekara shida da gama jami'a bai gina ko akurki ba, amma takardarsa tana rataye a bango cikin gilashi, mahaifiyarsu Umma tana goge ta kowace safiya. Babban shi ne Direba. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa bas ɗin wata makarantar kuɗi, ya kwashi yara ashirin da takwas da safe, ya mayar da su da rana. Shi ba shi da abin ratayewa a bango. Lasin a aljihu ake sa shi.

Ranar Asabar da rana Direba ya je gidan don ya gyara famfon tsakar gida, wanda injiniyan gidan ya yi wata uku yana nazari a kansa. Tun daga bakin ƙofa ya ji ƙarar kwanuka.

Injiniya ne tsaye a tsakar gida da singileti, ƙafa babu takalmi, kwalbar giya a hannu, yana harbin duk abin da ya tare masa hanya. Umma ta ɓoye masa takalma don kada ya koma inda ya fito, shi kuma ya rantse sai ya koma.

"Ina takalmana? Ni za a mayar ɗan fursuna a gidan ubana?"

"Yi haƙuri, Auta. Zo ka ɗan kwanta, in ka tashi sai ka tafi."

Hedimasta yana falo. Ya ƙara wa rediyo murya.

Umma ta kama hannun Injiniya, ya fizge, ya ture ta da kafaɗa. Ta yi baya ta faɗa kan bokiti, gwiwar hannunta ta daki bakin siminti. Direba ya yar da sifana ya rungumo shi ta baya. Suka yi ta zagaye kamar masu koyon rawa, har kwalbar ta fashe a ƙirjin Direba, ta jiƙa masa riga sharkaf, ta yanke masa tafin hannu.

Umma tana zaune cikin ruwan bokiti ta ɗaga murya. "A hankali! Za ka karya shi! Ka san ƙirjinsa ba shi da ƙwari!"

Direba ya dubi jinin da ke ɗiga daga hannunsa, ya ɗan jira ko akwai sauran magana. Babu. Sai ya saki ƙanin nasa ya zube, ya zaro waya da hannun hagu, ya kira 'yan sanda.

In za a faɗi gaskiya, ba gwiwar hannun Umma kaɗai ce ta danna lambar ba. Ya daɗe yana marmarin ganin abu guda: Injiniya a bayan motar 'yan sanda, unguwa ta fito tana kallo, Hedimasta tsaye a ƙofa ya rasa jawabin da zai yi. Sau ɗaya tak. Yana magana a waya wani daɗi yana bin maƙogwaronsa kamar ruwan sanyi, har ya maimaita kwatancen gidan sau biyu don kada su ɓata.

"Hukuma ka kira wa ɗan'uwanka?" in ji Umma.

"Ita."

"Alhamis zai je wajensu karɓo takardar shaidar hali. Kamfanin da yake neman aiki a wajensu ba ya ɗaukar mutum sai da ita. Ka sani sarai."

"Na sani, Umma."

'Yan sanda sun ɗauki minti arba'in, wanda a wajensu gudu ne. Umma ko ashirin ba ta buƙata. Shekara shida tana wannan aiki, hannunta ya faɗa. Ta kira Hedimasta, a karon farko ya kashe rediyo ya fito, ita ta kama kafaɗu shi ya kama ƙafafu, suka kai Injiniya banɗaki. Ta wanke masa fuska da wuya, ta cusa masa kanumfari a baki, ta sa masa farar rigar Hedimasta, ta kwantar da shi, ta ɗora masa wani ƙaton littafi a ƙirji, ta fesa turare. Sannan ta share gilasan, ta jera kwanuka.

Direba yana tsaye yana ɗaure hannunsa da hankici, yana ja da haƙori. Ta ƙofar banɗaki ya hango yadda take bin bayan kunnen Injiniya da yatsa, a hankali, kamar mai wanke ƙwai. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar da aka taɓa bin bayan kunnensa haka, ya kasa. Babu wanda ya ce masa ya sauya riga. Shi ma bai so ya sauya ba. Rigar ita ce shaidarsa.

Saje ya shigo da kurata biyu. Gajere ne mai tumbi, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga hanci sama kamar mai neman gidan da ake girki.

"Ina mashayin?"

"Yana ɗaki! Sun wanke shi sun kwantar! Ku shiga ku gani da idonku!" Direba bai san yana ihu ba sai da ya ga kurtu ɗaya ya gyara riƙon kulki.

Saje ya matso, ya sunsuni ƙirjinsa, ya ja da baya. "Malam, kai ko kwalbar ba ta kai ka wari ba."

"A jikina ta fashe! Ni na kira ku! Duba wayata!"

"Rabin masu kiranmu ranar Asabar haka suke. Su sha, kaɗaici ya kama su, sai su tuna da mu."

Duk da haka ya leƙa ɗakin. Injiniya yana kwance fari tas, littafi yana hawa yana sauka a ƙirjinsa.

"Tun safe yake karatu," in ji Umma a hankali. "Aiki za a ɗauke shi. Injiniya ne."

Saje ya dubi littafin. Sannan ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya fito da sanɗa, ya jawo ƙofar. Ya juya wajen Hedimasta, wanda ya riga ya sa hula ya tsaya a ƙofar falo.

"Baba, kai ne mai gida. Wanne ne ya tayar muku da hankali?"

Hedimasta ya gyara tabarau. "Saje, ni mutumin doka ne. Ban taɓa shiga tsakanin hukuma da aikinta ba. Idonka ya gani, hancinka ya ji. Yi aikinka."

Ko harafi ɗaya na ƙarya babu a ciki.

"Baba!" in ji Direba. Ya juya. "Umma, gaya musu wanda ya ture ki."

Umma ta ja mayafi ta rufe gwiwar hannunta. "Santsi ne ya kwashe ni."

Aka sa masa ankwa a kan hankicin. Unguwa ta fito, kamar yadda ya so. Mai shago ya bar ciniki, tela ya fito da almakashi a hannu, Hedimasta ya tsaya a ƙofa. A tsallaken titi Maman 'yan biyu, wadda tagwayenta suke zama a kujera ta uku a bas ɗinsa, ta ɗaga waya tana ɗauka. Duk abin da ya roƙa an ba shi. Mutum ɗaya kawai aka musanya.

A caji ofis aka karɓi bel ɗinsa da takalmansa da waya. Kofur ɗin da ke kan teburin karɓar ƙara ya buɗe babban littafi ya rubuta: maye da tayar da hankalin iyaye.

"A gwada ni," in ji Direba. "Ai akwai abin da ake hurawa."

"Akwai."

"To a kawo."

"Yana hedikwata. Shekaranjiya aka zo aka ɗauki hotonsa, aka mayar."

Lahadi da hantsi Hedimasta ya zo beli cikin babbar riga. Sufeton da ke kan aiki ashe tsohon ɗalibinsa ne, ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Aka fito da Direba yana riƙe da wando da hannu ɗaya, ya tarar ana yabon mahaifinsa.

"Ku dube shi da kyau," Sufeto yana gaya wa kurata. "Irinsu sun ƙare. Ɗan cikinsa ne, amma bai ɓoye shi ba. Wani uban da sai ya tura yaro ƙarƙashin gado."

Hedimasta ya sunkuyar da kai ya karɓi yabon, kamar yadda ya saba.

Aka turo wa Direba takarda. An riga an rubuta masa abin da yake son faɗa: ya amsa ya sha, ya yi nadama, ba zai sake ba.

"Ba zan sa hannu ba."

Hedimasta ya ja shi gefe, kusa da taga. "Alhamis kawai," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ya karɓo takardarsa, Juma'a ni da kaina zan gyara komai. Kwana huɗu. Kai babba ne."

"Baba, yaran mutane nake ɗauka."

"Wa zai ji? Takarda ce za ta kwanta a durowa. Kuma kada ka manta wa ya kira su. Ba ni na kira ba."

Ya sa hannu. Hannun ya kumbura, sunan ya fito a karkace, Kofur ya duba ya ce, "Har yanzu mayen bai sake shi ba."

Litinin ƙarfe shida da rabi ya tayar da bas. A tsayawa ta farko ya yi hon, babu wanda ya fito, labule kawai ya motsa. A ta biyu wani uba ya fito da ɗansa, ya leƙo kansa ta taga har hancinsa ya kusa taɓa kumatun Direba, ya ce, "Ina kwana," ya tsaya yana jiran amsa da hanci a buɗe. Direba ya amsa. Uban ya yi ɗan tunani, ya ce yau shi zai kai yaron da kansa, dama hanyarsa ce. Maman 'yan biyu ya gan ta tana cusa tagwayenta a tasi. Ya isa makaranta da yara goma sha ɗaya. Wata yarinya 'yar aji biyu tana sauka ta tsaya a matakala ta ce, "Kawu Direba, wai an kama ka? Na gan ka a wayar mamana. Ba ka yi kyau ba."

Talata yara bakwai. Shugabar makarantar ta kira shi ofis. Mace ce mai ƙiba da saurin magana, ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Shekara goma sha ɗaya na san ka. Ko lemon kwalba aka raba sai ka kai wa 'ya'yanka. Ni ban yarda ba. Amma ba ni ke haihuwar yaran ba. Iyaye sun turo min hoton nan sau talatin, har wanda ba shi da yaro a bas. An ce ka sa hannu a takarda?"

"Na sa."

"Don me?"

Ya gyara ɗaurin hannunsa.

"To ji nan. Daga yau mai gadi zai riƙa tuƙawa, kai ka zauna a gida. Ina da taron iyaye Juma'a da yamma. Kafin nan ka kawo min ɗaya cikin biyu: takarda daga 'yan sanda cewa kuskure ne, ko mahaifinka ya zo ya gaya min da bakinsa. Tsohon hedimasta ne, in ya yi magana za su ji. In babu, ba ni da abin da zan tare su da shi."

Matarsa ta ji labarin tana ninke kayan makarantar yaransu. Ba ta ɗago ba. "Da ƙaninka ne ya kwana a can, da yanzu Umma tana asibiti an sa mata ruwa. Kai ka kwana, ko waya ta yi?"

"Hannunta na ciwo."

"Da hannu ake magana?"

Laraba ya je gidan. Umma tana gugar farar riga, da hannun da ke ciwon. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi yara, ta dubi hannunsa na ɗan lokaci ta ce ya riƙa sa man shafawa.

"Umma, an dakatar da ni."

"Za su mayar da kai. Kowa ya san halinka." Ta juya rigar. "Kai Allah ya yi ka da ƙwari. Tun kana yaro ko zazzaɓi ba ya kwantar da kai. Shi kuwa kwana ɗaya a wurin nan gawarsa za a fito da ita. Kai ka shiga ka fito, ga ka nan tsaye."

"Da ni ne na sha, Umma? Da kin wanke ni kin ɗora min littafi?"

Ta dube shi da mamaki na gaske. "Kai ai ba za ka sha ba."

Ya daɗe yana juya wannan amsa. Yabo ce, babu shakka. Irinta aka yi ta ba shi tun yana yaro, a madadin sauran abubuwa.

Injiniya ya fito daga ɗaki ya yi aski, yana ƙamshin sabulu, da kofin shayi a hannu. In bai sha ba mutum ne mai daɗin zama, wannan ma yana cikin abin da ke ƙona ran Direba.

"Yaya! Sannu da fitowa. Wai da gaske a ƙasa ake kwana? An ce sauron wurin har sunan mutum yake tambaya." Ya yi dariya, ya zauna a kan tabarma. "Wallahi ni ban tuna komai ba. Umma ce ta ce ranka ya ɓaci ka kira min 'yan sanda. Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Amma na yi tunani, na ce ai Yaya ne. Na yafe maka."

"Ka yafe min."

"Har zuciyata. Sai dai ka rage zafin rai, Yaya. Kai da kake ɗaukar yara."

Umma ta ɗaga rigar ta duba wuyanta a haske. "Zo ka gwada, Auta."

Daga nan ya wuce caji ofis. Ya sami Saje a ƙarƙashin bishiya yana goge takalmi da tsumma.

"A'a, mutumina! Ka ga yau ƙamshi kake."

"Saje, ba ni na sha ba. Ƙanina ne."

"Na sani."

Direba ya tsaya.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki da hancin nan. Ina leƙa ɗakin na ji giyar, tana ƙarƙashin kanumfari tana gaishe ni. Kuma littafin a kife yake, ƙasa a sama." Ya tofa wa takalmin yawu ya ci gaba da gugawa. "Naka warin a riga yake. Nasa daga ciki yake fitowa."

"To don me ka kama ni?"

"Na tambayi mai gida, a gabanka. Malam, an kira mu, mun ƙona mai, dole mu koma da mutum. In gida yana da 'ya'ya biyu, ba mu ke zaɓa ba. Gida ne ke nuna mana wanda zai iya bayarwa. Da na ɗauko na ɗakin, da kafin mu kai titi tsohuwa ta kwanta a gaban mota, tsoho ya kira Sufeto, ni a mayar da ni gadin kasuwa. Kai kuwa da muka ɗauko ka, ka ji wani ya yi tari?"

"Rubuta min cewa kuskure ne. Layi biyu. Aikina zai tafi."

"In rubuta cewa na kama mutum a banza? Da hannuna? Ni ma ina da yara a makaranta." Ya ɗaga takalmin ya duba fuskarsa a jiki. "Kawo tsoho ya ce ya janye, ya faɗi wanda ya yi. In ya faɗa, ni mai gyara littafi ne. Amma kai ma ka sa hannu fa."

Alhamis Injiniya ya karɓo takardarsa. An buga mata hatimi biyu, an shaida cewa hukuma ba ta san shi da wani aibu ba, wanda gaskiya ne. Umma ta aiko wa Direba hotonta ta waya. Shi ne saƙonta na farko tun Asabar.

Da yamma ya sami Hedimasta a falo.

"Baba, Alhamis ta yi."

"Ta yi, alhamdu lillahi. Sun ce ya fara Litinin. Sai dai akwai gwaji na wata shida. In wata magana ta fito a tsakani, ka san kamfani."

"Ka ce Juma'a."

"Na ce zan gyara, kuma zan gyara. Ni ban taɓa saɓa alkawari ba. Ƙarfe nawa shugabar makarantar taku take son ganina?"

Juma'a ƙarfe goma Hedimasta ya shiga ofishin Shugaba da babbar rigar da ya je beli da ita. Ta miƙe ta ba shi kujerarta mai laushi. Direba ya tsaya a gefe, makullin bas na biyu, wanda bai mayar ba tukuna, a aljihunsa.

"Baba, tambaya ɗaya ce," in ji Shugaba. "Abin da aka ce ya yi, ya yi?"

Hedimasta ya ɗan yi gyaran murya. Ya miƙa hannu ya kamo Direba, ya jawo shi kusa, ya ɗora tafinsa a kafaɗarsa.

"'Yata, ni malami ne kamarki. Ban zo in yi gardama da hukuma ba, ban zo in wanke kowa ba. Roƙo na zo yi. Wannan ɗana ne. Ɗana na fari. Ranar da aka haife shi ban iya shiga aji ba don murna. Yaro ne mai biyayya, mai riƙon amana, bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar nan. Kowane ɗan Adam yana da ranar tuntuɓe. Na yi masa faɗa, ya ji, ya sa hannu a gaban hukuma ba zai sake ba. Ki dubi furfurata ki yi masa afuwa."

 Idonsa ya kawo ruwa, ruwa na gaske.

Shugaba ta ajiye biro. Ta dubi Direba. "Haka ne?"

Kalma huɗu za su isa. Ƙanina ne ya sha. Suna nan a bakinsa, ya jera su tun a hanya. Amma tafin nan yana kafaɗarsa, da ɗumi, da nauyi, yatsun suna ɗan matsa shi. Ɗana na fari. Bai taɓa jin labarin ranar haihuwarsa ba. Bai taɓa ganin an sa babbar riga an je an yi kuka saboda shi ba. Ashe haka abin yake. Ashe wannan Injiniya yake ci shekara shida, safe da yamma, har ya ƙoshi yana ture mai ba shi. Kuma ya gane sarai cewa yana buɗe baki hannun zai sauka.

"Haka ne," in ji shi.

Shugaba ta ɗauki bironta. Sannan ta ce, "Baba, na ji roƙonka. Ba zan kai maganar gaba ba, ba zan rubuta wa kowa ba. Amma yara ba zan iya ba shi ba."

Direba ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur. Ya ce a gaya wa mai gadi birki yana son a taka shi sau biyu in an yi ruwa. Kuma akwai wani yaro ɗan aji ɗaya da yake barci a kujerar ƙarshe, ba a ganinsa ta madubi, sai an taka an je an duba kafin a kulle mota. Shugaba ta rubuta, ba ta ɗago ba.

A waje rana ta yi zafi. Hedimasta ya sauke hannunsa tun a bakin ƙofa don ya gyara hula.

"Ka gani? Da ban zo ba da ta rubuta maka takardar da ko keke ba za a sake ba ka ba. Magana mai daɗi ita ke gyara al'amari." Suka taka har bakin titi. "Af, na tuna. Wurin aikin ɗan'uwanka yana da nisa, mota biyu ake shiga, kuma ka san shi da nauyin barci. Ga tsohuwar motata tana zaune a rumfa. Tunda yanzu kana da sarari, sai ka riƙa zuwa kana tashinsa ka kai shi, kafin ya saba."

Direba ya ɗaga hannu ya tsayar wa tsohon da tasi, ya buɗe masa ƙofa, ya tattara masa bakin riga kada ƙofa ta kama.

"Ƙarfe nawa?" in ji shi.